Ƙofa a Buɗe, Ciki Wayam

A wani dare na watan Oktoban 2025 muna zaune a teburin mai shayi a Balan, rediyo ya kawo labarin cewa gwamnatin Amurka ta rufe. Wani dattijo da ke gefen benci ya ajiye kofinsa, ya dube mu ya ce, "Ku 'yan boko, gwamnati shago ce da za a garƙame ta?" Aka yi dariya. Da dariyar ta lafa sai wani tsohon malamin firamare, wanda ya koyar da yawancinmu, ya gyara zama ya ce, "To mu dai, duk lalacewar tamu, ba a taɓa cewa ta rufe ba." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, domin ba a musu da malami a gaban jama'a. Amma maganar ta bi ni har gida, kuma musun da ban yi ba a daren nan shi ne zan yi a nan. Allah Ya gafarta Malam, tamu ta rufe tuntuni. Bambancin kawai shi ne ba a yi shela ba, ba a sa kwado ba, kuma babu mai ƙirga kwanakin.

Bari mu fara da abin da ya faru a can, don kada mu yi gardama a kan abin da ba mu fahimta ba. Shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, kuma dokarsu ta haramta wa kowace ma'aikata kashe ko sisi in majalisa ba ta amince ba. Idan jam'iyyu biyu suka ja daga har ranar ta wuce, sai a sallami ma'aikatan da ake ganin aikinsu zai iya jira, waɗanda ba zai jira ba kuma su ci gaba da aiki babu albashi. Haka aka yi kwana 16 a 2013 saboda rikici kan dokar inshorar lafiya ta Obama. Haka aka yi kwana 35, daga 22 ga Disamban 2018 zuwa 25 ga Janairun 2019, saboda kuɗin katangar da Trump ya so ginawa a iyakar Meziko. Ta 2025 ta zarce su duka, ta kai kwana 43.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka yi da dazuzzuka da wuraren tarihi na gwamnati a karo biyun farko, domin hanya biyu aka bi, kuma kowace ta bar darasinta. A 2013 an kulle su ne baki ɗaya, su 401, aka kori baƙi. Daji ya huta, amma masu masauki da masu sayar da abinci da direbobin garuruwan da ke kewaye suka ji a jikinsu; hukumar kula da gandayen ta ƙiyasta cewa cinikin da ya kuɓuce musu ya haura dala miliyan 400. A ƙarshen 2018 sai aka ce kada a maimaita wannan: a bar ƙofa a buɗe, ma'aikata kawai za su tafi gida. Nan ne aka ga abin da ba a zata ba. A gandun Joshua Tree da ke Kalifoniya shara ta taru, bayan gida ya cika ya tumbatsa, mutane suka kutsa da motoci inda aka hana, har aka sare itatuwan da gandun ya ci sunansu. Wani tsohon shugaban wurin ya ce ɓarnar makonni biyar ɗin tana iya ɗaukar shekara ɗari biyu zuwa ɗari uku kafin ta warke. Ƙofar da aka kulle ta cuci mai neman abinci na ɗan lokaci. Ƙofar da aka bari a buɗe babu mai gadi ta cuci ƙasar kanta. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan ta biyun, don ita ce tamu.

A ɓangaren mutane ma rabon wahala bai zo daidai ba. Ma'aikata kusan 800,000 ne suka rasa albashi a rufewar 2018 zuwa 2019, amma kafin ta ƙare an yi doka cewa za a biya su ariyas ɗinsu. Masu shara da masu gadi da masu dafa abinci da ke aiki a ƙarƙashin 'yan kwangila ba su shiga cikin dokar ba. A Nuwamban 2025 kuwa abin ya taɓa tallafin abinci na mutum wajen miliyan 42. Ko a ƙasar da ta fi kowa dukiya, in giwaye suka yi faɗa ciyawa ce ke shan wuya.

A takarda, Malam yana da gaskiya. Tsarin mulkinmu na 1999 ya toshe wannan kafa. Sashe na 82 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da cire kuɗi daga baitulmali har tsawon wata shida ko da majalisa ba ta zartar da kasafi ba, sashe na 122 kuma ya ba gwamna irin wannan dama. Shi ya sa aka kai 20 ga Yunin 2018 kafin a sa hannu a kasafin shekarar, kuma babu ma'aikatar da ta sa kwado. Famfon kuɗi ba ya tsayawa a Najeriya. Tambayar da ba mu yi ba a teburin mai shayi ita ce: in kuɗi na fita, aiki yana isowa?

Mu ma muna da rufewar da ake yi wa shela, sunanta yajin aiki. Ni ɗan wannan zamani ne da ya shiga jami'a don karatun shekara huɗu ya fito bayan kusan shida: wata tara a 2020, sai wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Ba zan tsaya kuka a kan wannan ba, an rubuta shi har an gaji, kuma malaman suna da hujjarsu, tunda yarjejeniyar 2009 da suke ta ambato ba su suka karya ta ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, daga baya an saki wani ɓangare na albashin da aka riƙe musu, amma mai ƙosai ta bakin ƙofar jami'a da ɗan adaidaita sahu da mai shagon buga takardu babu wanda ya taɓa lissafa nasu. Su ne 'yan kwangilar tamu ƙasar. Da ƙungiyoyin ƙwadago suka kashe babban layin lantarki na ƙasa ranar 3 ga Yunin 2024 a kan mafi ƙarancin albashi, birane sun girgiza. A ƙauyuka da yawa na yankinmu sai a rediyo aka ji, domin ba a ɗauke wa mutum abin da dama ba ya da shi.

Yajin aikin da ya buɗe mini ido wani ne daban, wanda mutane suka riga suka manta. Ranar 6 ga Afrilun 2021 ma'aikatan shari'a suka kulle kotunan ƙasar nan, tun daga Kotun Ƙoli har ƙasa, suna neman a bar ɓangaren shari'a ya riƙe kuɗinsa kamar yadda tsarin mulki ya tanada. Ba a buɗe ba sai tsakiyar Yuni. A birni an yi maganar waɗanda ke tsare suna jiran beli, kuma abin tausayi ne ƙwarai. Amma duk wanda ya tashi a karkara ya san me Afrilu zuwa Yuni ke nufi: lokacin sharar gona ne, da kai taki, da jiran ruwan shuka. A lokacin Baffana yana cikin dattawan da suka kai ƙarar wani mai hali da ya tura iyakar gonarsa cikin burtali har ya toshe hanyar mashaya. Saura kwanaki a saurari buƙatarsu ta a dakatar da shi, aka sa kwado. Mutumin bai yi wata-wata ba. Ruwan farko na sauka ya shuka gero da wake a tsakiyar hanyar shanu. Da aka buɗe kotu gero ya kai gwiwa, kuma wa zai ce a tuge shuka a tsakiyar damina? Aka ce a bari a girbe. Bayan girbi aka ɗage, bayan ɗagewa aka sake ɗagewa, biyu daga cikin dattawan suka rasu. Yau in ka tambayi yaran unguwar, za su ce maka ai gonar Alhaji ce tun asali.

Ma'aikatan kotu sun koma bakin aiki, albashinsu bai yi ciwon kai ba, kuma ba na ƙyashinsu. Burtali ne bai dawo ba. Albashi ana biyan ariyas ɗinsa. Ƙasar al'umma ba ta da ariyas. Kwana sittin da 'yan kai sun isa a cinye abin da kakanni suka tsare shekara ɗari.

To, in wata biyu suka yi haka, me za a ce da shekara talatin ko arba'in? Nan ne asalin maganata. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a filayen karkara, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo ba tare da ta nemi yardar gwamna ba. Ma'ana, mai gadin burtali da makiyaya da kududdufi da filin makaranta da maƙabarta da ɗan kurmin bayan gari, a doka, ita ce ƙaramar hukuma. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulki ya bi da kuɗinta ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma kowa ya san abin da ya riƙa isowa ƙasa: albashi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na taɓa zuwa wata sakatariya a wannan shiyya sau huɗu cikin wata guda ina neman taswirar burtalin da na ambata. Ƙofa a buɗe take kullum. Tuta na kaɗawa. Masinja yana nan, mutumin kirki, har ruwa ya ba ni. A ofishin da aka nuna mini akwai tebur, da kujera mai ƙafa uku, da kabad da gara ta ci bayansa. Aka ce in dawo ƙarshen wata, lokacin ne ake samun mutane. Da na samu jami'in, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Ɗana, ko na ba ka takarda, da me zan je in duba? Babur babu, mai babu, tef ɗin awo ma nawa ne na kaina." Wannan ba malalaci ba ne. Ma'aikaci ne da aka sallama ba tare da an ba shi takardar sallama ba.

Tsofaffinmu suna ba da labarin malamin daji na zamanin En'e, wanda in ka sare ɗanyar ɗorawa ko kaɗanya ba izini sai ka gurfana gaban alƙali. Ba na cikin masu yi wa wancan zamani kirari. An yi zalunci a cikinsa, an yi kama-karya, haraji da jangali sun kori mutane daga garuruwansu, kuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Kano talakawa sun yi murna da hujja. Amma mai karɓar jangali yana da dalilin sanin ta ina shanu ke bi da inda suke shan ruwa. Da aka cire hannun da ke karɓa, ya kamata a bar idon da ke tsaro. Sai aka tafi da su duka biyun. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965, aka keɓe wurare fiye da 400 a faɗin ƙasa a tsawon shekaru, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a kundin doka. Sauran suna nan da sunan gwamnati, ba su da takarda, ba su da mai gadi. Turakun simintin da aka kafa a bakin wasu burtulan an tumɓuke su, na ga ɗaya an mai da shi dakalin ƙofar gida.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa a birni suka koma ga gawayi, kuma gawayin daga wani wuri yake fitowa. Ƙirya da marke ne suka fara tafiya, don su ne masu gawayi mai kyau. Yanzu gatari ya kai ga itatuwan da a da ko yaro ya san ba a taɓawa. Ba zan zagi mai gatarin ba. Yana da iyali, kuma buhun gawayi kuɗin awo ne. Amma Amurkawa sun yi ta kururuwa a jaridu saboda itatuwan da aka sare musu cikin mako biyar, mu kuwa motocin gawayi suna wucewa ta kan titin Wudil zuwa Kano da rana tsaka, ba wanda ya san daga wane daji suke, balle ya rubuta.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ta itace da shanu, ya ɗaga kai ya dubi inda hanyar take ɓullewa. Sambisa gandun namun daji ne na gwamnati kafin ya zama sunan da ake tsorata yara da shi. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na tarayya. Rugu a Katsina daji ne da aka keɓe. Falgore namu na Kano ya yi shekaru yana ɓoye ɓarayin shanu da masu satar mutane. Babu ɗaya daga cikinsu da aka taɓa fitar da sanarwar cewa gwamnati ta janye. An dai daina sayen mai, an daina gyaran mota, an daina ɗaukar sababbin masu gadi in tsofaffi suka yi ritaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Joshua Tree 'yan yawon buɗe ido ne suka shigo da motoci. A namu dazuzzukan masu bindiga ne suka shigo, kuma ba su da niyyar fita.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce jama'a ce ta ƙaru, gona ta yi kaɗan, gado ana ta rabawa har ya koma kamar tabarma, dole manomi ya leƙa burtali. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ga yadda ake raba gona ɗaya tsakanin 'ya'ya goma sha biyu ba zai musa ba. Amma wannan hujja ce ta ƙara tsaro, ba ta janye shi ba; ba a sallamar mai gadi don ɓarayi sun yi yawa. Kuma in aka duba da kyau, ba mai kadada ɗaya ne ya fi cin filin al'umma ba. Shi taku biyu yake ci, cikin tsoro. Mai cin gaba ɗaya shi ne wanda ya san wa zai gani, ya san nawa zai ajiye, ya san cewa takardar da za ta ƙaryata shi gara ta cinye ta. Za a kuma ce laifin dagatai da masu unguwanni ne da ke sa hannu a cinikin. Wasu suna yi, ba shakka. Sai dai tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka raba su da ikon doka, aka bar su da rawani da zama shaida. An karɓe sanda daga hannun mai gari an miƙa wa ofis, sannan aka bar ofis ɗin wayam. Idan rikici ya tashi da kaka, garke ya faɗa gonar da aka shuka a kan hanyarsa, sai a ce faɗan manoma da Fulani ne, kamar ƙiyayya ce ta gado. Mutum biyu ne aka tura cikin ɗaki ɗaya mai duhu, aka ɗauke fitila.

Kada kuma a ɗauka ina yi wa Amurka sha'awa. Abin da 'yan siyasarta ke yi wauta ce tsantsa: su yi garkuwa da albashin masinja da abincin marayu don cin gardamar majalisa. Gandayen nasu ma da suke taƙama da su, irin su Yellowstone da aka kafa a 1872, an kafa su ne a ƙasar 'yan asalin wurin da aka kora. Abu guda kawai nake ƙyashi, shi ne ƙirga. Rufewarsu tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Gidajen talabijin suna lissafa kwanakin, ofishin kasafi na majalisarsu ya fito ya ce ta 2018 zuwa 2019 ta ci dala biliyan 11, kuma biliyan 3 daga ciki ba za su dawo ba. Abin da aka ƙirga ana jin kunyarsa, abin da ake jin kunyarsa kuma ana neman kawo ƙarshensa. Tamu ba ta da rana ta ɗaya, saboda haka ba ta da ta ƙarshe. Ba a iya buɗe abin da ba a yarda an rufe ba, kuma wannan ne ya sa maganar Malam, duk da kyakkyawar niyyarta, take da haɗari: tana ba mu abin alfahari a inda ya kamata mu ji zafi.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. An yi murna, ni ma na yi. Amma ko da an aiwatar da shi yadda aka rubuta, kuɗi a asusu ba shi ne mai gadi a daji ba. Yana iya zama sabuwar mota ga shugaba da sabon fenti ga sakatariya. Abin da nake nema bai kai tsadar mota ɗaya ba. Kowace mazaɓa, tun daga Balan da Kademi da Shagogo har Toranke da Gafasa, a fito da dattawan da suka rage, manoma da Fulani, su taka ƙafa su nuna iyakar kowane burtali da mashaya da filin makaranta tun suna raye. A auna, a rubuta, a manna kwafi a ƙofar gidan dagaci da bangon makaranta, inda gara ba za ta ci shi a ɓoye ba. A ba jami'in filaye da malamin daji babur da mai, a kuma wajabta musu karanta rahoton abin da suka gani a gaban jama'a sau biyu a shekara, kafin shuka da bayan girbi. Sannan duk ranar da aka sake kulle kotuna, doka ta ce duk filin al'umma da ake shari'a a kansa ya tsaya yadda yake, wanda ya shuka a ciki ya shuka wa kansa asara.

Bayan girbin bana na koma burtalin tare da Baffa. Ya nuna mini wata tsamiya ya ce nan ne bakinsa na gabas, ya nuna wani tsohon kututture can nesa ya ce nan ne na yamma. A yarintarsa garke biyu kan yi kiciɓis a ciki su wuce ba su gogi juna ba. Na auna da ƙafata daga tsamiya zuwa kututture, taku arba'in da shida. Na sake auna abin da ya rage tsakanin karan dawar wannan gefe da shingen wancan, taku bakwai, kuma a gaba kaɗan ya toshe ɗungurungum. Muna tsaye sai ga wani yaro Bafulatani, bai fi shekara goma sha biyu ba, ya iso da shanu wajen talatin. Ya tsaya ya dubi shingen, ya gaishe da Baffa, sannan ya juya su ya hau da su kan kwalta, motoci suna ta yi masa ham.